Zinaida da Ƙwan Hawainiya

Ranar da na fara ganin Zinaida, zaune take a kan ƙirjin mijinta a tsakiyar titi tana jibgarsa da takalminsa. Satina biyu ke nan da zuwa ƙauyen a matsayin amarya, na fito da bokiti zan je rijiya. Mutane sun yi cirko-cirko a bakin shingayensu, babu mai niyyar rabawa. Na tambayi uwar mijina ko ba za a kai agaji ba.

Ta ce, "Wa za a agaza? Wuce ki ɗebo ruwanki. Maƙwabciyarki ce, gara ki saba tun yanzu."

Na kuwa saba. Shinge ɗaya ne tsakaninmu, yau shekara arba'in da uku. Sunana Ulyana, ni na yi ta dafa wa yaran makarantar ƙauyenmu abinci har ƙarfina ya ƙare. Ƙauyen yana gabas da birnin Kharkiv, tafiyar awa ɗaya da rabi a bas idan hanya ta yi kyau. Zinaida ta girme ni da shekara shida, don haka Yaya Zina nake ce mata. Ita kuma ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Matsoraciya.

Ba da faɗa aka haife ta ba, a gida ta koya. Ubanta mashayi ne, ya karya wa uwarta muƙamuƙi har sau biyu. Tana da shekara goma sha huɗu ta same shi ya shaƙe uwar a bakin murhu, ta ɗauki gatari ta kwaɗa masa ƙeyar gatarin a gadon baya. Wata uku yana kwance, bai ƙara ɗaga wa kowa hannu ba. Da ta girma sai aka ɗauke ta aiki a mayankar aladu ta gonar gwamnati, ita kaɗai mace cikin mahauta goma sha ɗaya. Shekara talatin tana can. Alade mai nauyin ƙato biyu, suka ɗaya take masa a ƙasan wuya, ko kuka ba ya ƙarasawa. Mijinta Prokip direban babbar mota ne. Ya mare ta sau ɗaya a farkon aure, shi ne abin da na tarar a titi. Daga nan suka zauna shekara ashirin da shida suna zage-zage da jifa da kwanuka, har ciwon hanta ya ɗauke shi. A makabarta ta yi kukan da ya ba kowa mamaki, tana dawowa gida ta fasa duk kwalaben da ya ɓoye a rumbu.

Hawainiyar da ta zo tana kiwo kuwa, ɗanta Arsen ne ya fara kawo mata. Mai walda ne a Kharkiv, ya saya a kasuwar tsuntsaye, mace da namiji, irin na ƙasar Yaman masu tsini a ka kamar hular sarki. Da ya samu aiki a Poland sai ya sauke mata kejin a ɗakin baya, ya ce wata shida kawai.

Ta ce, "Ɗan banza, mutane na kawo wa iyayensu jikoki, kai ka kawo mini ƙadangaru masu ciwon ido."

Bai dawo ba sai da ziyara. Bayan wata biyu macen ta rikiɗa, ta yi baƙi da ɗigon shuɗi da rawaya, ta kumbura, idan namijin ya matso sai ta wangame baki tana huci tana kai masa cizo. Arsen ya gaya mata ta waya cewa ƙwai ne, ta cika bokiti da yashi mai laima haɗe da ƙasa ta ajiye mata, a ciki za ta haƙa rami ta saka su. Abin da ya manta bai faɗa ba shi ne a kau da ido. Zina ta jawo kujera ta zauna a kan bokitin tana kallo. Hawainiyar ta fara haƙa, ta ɗago ta ga mutum, ta bar ramin. Washegari haka, jibi haka. A kwana na shida idanunta suka faɗa, ta sauko ƙasan keji ta mutu da ƙwan a ciki.

Ina wurin lokacin. Zina ta daɗe tana kallonta, sai ta ɗauko wuƙarta ta mayanka, wadda wasawa ya sirantar da ita kamar ganyen albasa, ta farke cikin a kan teburin cin abinci. Na juya baya.

"Matsoraciya, riƙe mini faranti. Ni na kashe ta, ba zan binne 'ya'yanta da ita ba."

Ƙwai arba'in da ɗaya ta ciro, farare, masu taushi, kowane bai wuce girman wake ba. Ta jera su a robar abinci a kan yashi, ta ɗiga wa kowane alama da fensir a sama, don idan ƙwan ya juye ɗan ciki mutuwa yake. Wata bakwai tana gadinsu. Tara suka ƙyanƙyashe.

Daga wannan taran ta tashi. Cikin shekara biyar ɗakin baya ya cika da kejin waya har rufi, kowane da fitilarsa da reshensa, don ba a haɗa biyu wuri ɗaya. Tana kiwon gyare da kyankyasai a manyan robobi, tana daka ɓawon ƙwan kaza ta barbaɗa musu kafin ta ba matan, saboda mai ƙwai idan ta rasa wannan ƙashinta ne ke narkewa. Sau uku a rana take fesa wa ganyaye ruwa, tunda hawainiya ba ta sha daga kwano. Masu saye suna zuwa daga Kharkiv da Poltava. Sai ta yi wa mutum tambayoyi kamar ɗan sanda, idan amsarsa ba ta yi mata ba ta nuna masa ƙofa. Matan kuma sunayen matan ƙauyen take sa musu. Wata ƙatuwa mai yawan ɓuya a bayan ganye ta sa mata Ulyana, ta ce ba ta taɓa ganin kama irin wannan ba. Takwara muke ce mata.

Dokarta ɗaya ce. Idan mace ta shiga bokiti, a rufe kejin da zane, kada wanda ya shiga, kada wanda ya buga ƙofa. Mai karanta mitar wuta ya taɓa kutsawa, ya fito da haɓo. Amma wanda ya fi shan wuya shi ne Trokhym, maƙwabcinta na ɗaya gefen, wani siririn dattijo mai dafa giyar gida. Wata rana da bazara ta fitar da mai ƙwai ta sha rana a kan bishiyar tuffa, sai kyanwarsa ta tsallako ta raba ta biyu. Zina ta bi kyanwar har cikin gidansa da shebur. Trokhym ya tare ƙofa.

"Haba Zinaida, dabba ce, me ta sani? Kashe ta za ki yi a kan ƙadangare?"

"Kauce, ko in fara da kai."

Bai kauce ba, ta kuwa fara da shi. Matarsa Paraska ta fito da tsintsiya, aka yi ta dambe har limamin coci ya zo ya raba. Shekara uku ba sa gaisawa.

Sai yaƙi ya zo, a ƙarshen watan Fabrairu. Da hantsi muka ga tankokin yaƙin 'yan mamaya suna wucewa ta gaban coci, suna nika kwalta, ƙasa na rawa har kofuna na faɗowa daga kanta. A kwana na uku wuta ta ɗauke, waya ta mutu. Masu mota suka gudu, aka harbe wasu a hanya, motocinsu suka yi wata da watanni a gefen titi ba mai iya zuwa. Mijina ya daɗe da rasuwa, 'yata tana aure a nesa, don haka na kwashi bargona na koma gidan Zina.

Sanyin ya kai ruwa na daskarewa a bokiti cikin ɗaki. Hawainiya kuwa awa kaɗan take yi a irin wannan sanyi ta sandare. Muka kwaso su duka ashirin da shida muka kawo ɗakin girki, muka jera kejin kewaye da murhun bulo. Robobin ƙwai kuwa, da ƙwai sama da ɗari biyu a ciki, muka ɗora a dandamalin bayan murhu inda tsofaffi ke kwanciya. Murhun ba ya mutuwa. Da itace ya ƙare muka ƙona shinge, muka ƙona kabad ɗin Prokip, muka sare bishiyar tuffa. Wata safiya muka ji ana jan abu a tsakar gida, muka leƙa, sai ga Trokhym da baro cike da faskare.

Ya ce, "Ba don ke ba ne, mayya. Don ƙadangarun ne."

Ta ce, "Ajiye ka fita, kafin warin giyarka ya kashe mini su."

Amma da yamma ta ba ni kwanon miyar kabeji na kai musu.

Gyaren ne suka fara ƙarewa. Tsakiyar Maris sauran robar kyankyasai ɗaya, ba za ta ciyar da su duka ba. Zina ta tsaya a gaban kejin ta ce in fita in ɗebo ruwa. Na ƙi fita. Ɗaya bayan ɗaya take ciro hawainiyoyin, ta shafa bayan kowace da babban yatsa, ta ɗora a katakon yanka. Sara ɗaya. Ashirin ta yanka a wannan safiyar, wasu tun suna ƙwai ta san su. Ta bar mata huɗu masu ciki da maza biyu. Da ta gama ta fita bayan gida ta yi ta dukan bangon rumbu da ƙafa har takalminta ya yage.

Sojojin mamayar sun shigo mana ranar wata Talata da azahar, su huɗu, suna bi gida-gida suna neman wayoyin hannu da maza. Babbansu a ranar wani gajere ne mai faɗin kafaɗa da jan gemu, Ja-gemu muka sa masa. Da ya ga fitilu da wayoyin lantarki da ma'aunin zafi a ɗakin baya sai ya ɗaga bindiga.

"Tsohuwa, da wa kike magana da waɗannan? Ke ce kike gaya musu inda muke?"

"Da ubanka nake magana. Fitilun dabbobi ne, buɗe idonka."

Ya shiga ɗakin girki ya ga kejin, sai ya fashe da dariya ya kira abokansa. Suka ciro mazan hawainiyar biyu suka ɗora a kan tebur fuska da fuska, suka sa caca da taba. Mazan suka kumbura, suka yi rawaya da kore shar, suka sarƙe suna cizon juna, ƙaramin ya rasa ido. Zina tana tsaye, wani ya ɗora mata bakin bindiga a ciki. Ja-gemu ya kai hannu zai ɗauki wanda ya yi nasara, shi kuwa ya juyo ya datse masa yatsa. Ya yi ihu, ya make shi da ƙasa, ya taka. Ya taka ɗayan. Ya bi kejin matan yana zazzage su yana takawa, ina jin ƙarar ƙwan cikinsu a ƙarƙashin takalminsa. Sannan ya hango robobin bayan murhu.

Zina ta ce, "Ɗana, tsaya." Ban taɓa jin ta roƙi mutum ba sai ranar. "Ƙwai ne kawai. Ka ɗauki kaji, ka ɗauki dankali, akwai man alade a rumbu. Kada ka juya su."

Ya dube ta, ya ɗauki robar farko ya kife. Ya ɗauki ta biyu. A ta uku ta bangaje mai bindigar, ta figi ƙarfen tona wuta ta shimfiɗa wa Ja-gemu a fuska. Hancinsa ya fashe, jini ya wanke masa gemu, ya zauna daɓas cikin toka. Su ukun suka rufe ta da gindin bindiga. Tana ƙasa suna shuri tana zaginsu, uwa da uba. Ni ina lungu na toshe bakina da zane. Suka ja ta da ƙafa zuwa waje, kanta na bugun dakali. A bakin ƙofa ta ɗago ta kwala mini kira.

"Matsoraciya! Takwararki tana kan labule! Bokiti! Kada ki leƙa!"

Na ɗaga kai. Can saman sandar labule, ga ta a maƙale, ta yi launin ƙyallen, ido ɗaya yana kallona ɗaya yana kallon ƙofa. Ita kaɗai ta tsira.

Shekara goma ina shiga gidan nan ban taɓa taɓa hawainiya ba, tsigar jikina tashi take yi. Ranar na sa hannu na ɗauko ta. Ta yi huci ta kama mini yatsa da ƙafafunta kamar almakashi, ina jin ƙwan suna motsi a ƙarƙashin fatarta. Na gyara keji ɗaya da bai lanƙwashe sosai ba, na fasa ƙasar da ta daskare da gatari, na ɗumama ta a murhu, na haɗa da yashi, na matsa a tafin hannu kamar yadda na ga Zina na yi, in ga ta dunƙule ba ta ɗiga. Na rufe da zanen gado. Sannan na share ɗakin, ko robar ƙwai ɗaya ba ta tsira ba. Ba zan faɗi abin da na kwashe a shebur ba.

Washegari na ji ta fara haƙa, ƙaf-ƙaf-ƙaf a hankali kamar ɓera a buhu. Da rana tsaka aka fara luguden wuta daga bayan gonar gwamnati. Wani bam ya faɗa a lambun Zina, tagogi biyu suka tarwatse, ƙasa ta zubo daga rufi, zanen ya zame. Na ga ramin ya rufta, ita kuma ta fito ta yi baƙi ƙirin tana rangaji a kan reshe. Na mayar da zanen, na toshe tagogin da katifa, na ƙara wa ƙasar ruwa. Ta sake haƙawa, aka sake harbi, ta sake fitowa. Na zauna a ƙasa na juya wa kejin baya ina yi mata magana kamar mahaukaciya.

"Takwara, ki yi wa Allah ki sauke. Idan ta dawo ta tarar kin mutu, ni za ta farke."

A kwana na uku aka yi shiru. Na ji haƙa tun safe har la'asar, daga nan ban ƙara jin komai ba. Wuyana har ciwo yake don son leƙawa, ban leƙa ba. A kwana na huɗu da hantsi na ji ganye na motsi, na ɗaga gefen zanen. Tana kan reshe, duk ƙasa a kanta, ta yamushe kamar safar da aka cire. Ta shafe saman bokitin sumul kamar ba a taɓa haƙawa ba. Na yi ta ɗiga mata ruwa a ganye tana lasa.

A ranar da yamma Trokhym ya turo Zina a baronsa. A ramin ajiyar hatsi suka tsare ta kwana huɗu, da suka gaji da ita suka jefar a bakin titi. Haƙarƙari uku sun karye, haƙoran gaba sun tafi, sun karya mata yatsu uku na hannun hagu ɗaya bayan ɗaya suna tambayarta wa take yi wa aiki. Fuskarta ta kumbura har ban gane idonta ba. Muka kwantar da ita, ta motsa baki.

"Ta sauke?"

"Ta sauke, Yaya."

"Kin leƙa?"

"Ban leƙa ba."

"Ƙarya kike. Kawo bokitin da cokali."

Tana kwance tana ba ni umarni, ina tonawa da cokalin shayi, tana zagina duk lokacin da hannuna ya yi sauri. A can ƙasan bokitin na same su a dunƙule, hamsin da uku. Na ɗiga musu fensir na jera a roba.

Bayan kwana tara Ja-gemu ya dawo, shi kaɗai, da tsakar rana. Daga baya muka ji abokansa sun hana shi sakat da tsiya, wai tsohuwa ta gyara masa hanci. Ya biya gidan Trokhym ya ƙwace kwalba biyu ya shanye ɗaya a hanya, sannan ya zagayo ta lambu ya banko ƙofarmu. Zina tana zaune a kan benci kusa da murhu, ta danne dankali da hannun da ya karye tana fere shi da wuƙarta. Ya ɗora mini bakin bindiga a goshi ya tura ni jikin bango. Fitsari ya zubo mini.

"Kaka, kin yi kewata? Na zo mu ƙarasa."

Zina ba ta ɗago ba. Ta ce, "Hawainiyarka ta kiyayi ramata, yaro. Ka ci, ka sha, ka fita."

Ya yi dariya. Idonsa ya faɗa kan zanen da ke rufe da keji, sannan kan robar da ke bayan murhu. Ya sauke bindigar daga goshina, ya matsa, ya dafa benci da gwiwa ɗaya ya miƙa hannu ta saman kafaɗarta, haɓarsa a ɗage. Ban ga lokacin da hannunta ya tashi ba. Na dai ji wani sauti kamar an huda buhu, sai jini ya yi tsartuwa har jikin farar bulon murhu. Ya saki bindigar ya kama wuyansa da hannu biyu, ya faɗi a kanta, ƙafafunsa suna dukan ƙasa. Ba a daɗe ba suka daina.

Ta ce, "Ɗaga mini shi, yana danne mini haƙarƙari."

Muka naɗe shi a dardumar ɗakin. Ni da tsohuwa mai hannu ɗaya, muna ja muna hutawa, muka kai shi tsohon ramin kashin aladu da ke bayan rumbu, muka tura shi da bindigarsa, muka rufe da taki da ruɓaɓɓen ciyawa. Na wanke ƙasa da toka sau huɗu, na shafe murhu da farar ƙasa.

Washegari suka fito nemansa. Sun shigo mana, sun ga tsofaffi biyu da tukunyar dankali, sun fita. Amma akwai wanda ya ga shigarsa gidan Trokhym. Muna tsaye a bayan rumbu muna hange ta tsakanin katako lokacin da suka fito da shi, ba ko takalmi. Suka durƙusar da shi a bakin ƙofarsa suna dukansa, yana rantsuwa cewa kwalba kawai mutumin ya karɓa ya tafi. Paraska tana riƙe da ƙafar wani soja tana kururuwa. Trokhym ya san ta wace hanya mutumin ya bi, don ta lambunsa ya tsallaka zuwa namu. Bai faɗa ba.

Zina ta ce, "Zan fita."

Na rungume ta ta baya na ƙanƙame. "Yaya, mu biyu za su kashe, kuma shi ma ba za su bar shi ba. Don Allah, Yaya."

Matar da ke kayar da ƙato da hannu ɗaya, ko da karyayyen haƙarƙari da ta so da ta watsar da ni. Ta tsaya a hannuna. Na riƙe ta, ita kuma ta bari na riƙe ta, wannan shi ne gaskiyar abin, kuma mu biyun mun sani. Harbi biyu suka yi masa. Suka watsa wa gidan fetur suka cinna wuta, suka hana a ɗauki gawar har kwana biyu.

Da ni da Zina muka haƙa masa kabari a lambunsa. Paraska ta koma gidan ƙanwarta a ƙarshen ƙauye, ta yi mana godiya tana kuka. Daga ranar Zina ta rage magana. Bazara ta zo, muna kama ƙudaje da fara a tsakar gida muna ba Takwara, muna yayyafa wa yashin ƙwai ruwa, ana harbi muna shiga ramin ɓuya, a daina mu fito.

A watan Satumba 'yan mamayar suka gudu, sojojin ƙasarmu suka shigo. Da 'yan sanda suka zo suna rubuta abin da ya faru a kowane gida, Zina ta kama hannun ɗayansu ta kai shi bayan rumbu ta nuna masa ramin. Ta faɗi komai a gaban jama'a, har da inda muke tsaye lokacin da aka harbe Trokhym. Sunana ne kawai ta cire. Ni na mayar da shi da bakina.

Kafin azahar Paraska ta iso da fartanya. Ta zo gab da Zina.

"Kina kallo? Kina tsaye kina kallo, Zinaida? Ya kawo miki itace!"

Ta sauke mata ƙotar a kafaɗa, ƙashin wuya ya karye, kowa ya ji. Ta ƙara mata a ka. Zina tana tsaye hannuwanta a sake, jini na bin kunnenta, sai da maza suka riƙe Paraska. Ni ta tofa mini yawu a fuska. Kafin sanyi ya shigo ta tattara ta koma wurin 'yarta a Poltava. Na rubuta mata wasiƙa sau biyu, ba amsa.

Ƙwan sun fara fashewa a ƙarshen Oktoba. Talatin da ɗaya suka fito, kore shar, kowane bai kai ɗan yatsa ba, suna fitowa suna neman abin hawa. Arsen ya zo da janareta da robar gyare, ya yi kwana uku yana roƙon uwarsa ta bi shi Poland. Ta ce idan ya ƙara maganar za ta fasa masa kai, ya koma shi kaɗai. Takwara ta mutu a wannan sanyin, tsufa ne, matan ba sa daɗewa.

Da bazara ta zagayo Zina ta ɗauki raga ta tafi kamun fara a filin bayan coci, inda aka kafa jajayen alluna aka ce kada kowa ya shiga saboda nakiyoyin da aka binne. Ta ce farar can ta fi ƙiba. Ina shanya na ji ƙarar. Da rarrafe ta fito bakin hanya da kanta, ta ɗaure cinyarta da igiyar ragar, tana zagin wanda ya dasa abin da wanda ya haife shi. A asibitin Kharkiv suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Yanzu shekararta sittin da tara. An ba ta ƙafar roba, ta rataye ta a ƙusa ta ce tana mata ƙaiƙayi, da sanda take yawo. Keji goma sha huɗu ne a ɗakin baya, ni nake fesa ruwa da wanke robobin gyare, ita tana zaune a bakin ƙofa tana gaya mini duk abin da na yi ba daidai ba. Masu saye sun fara dawowa jefi-jefi. Makon jiya wata malamar makaranta ta zo daga birni da mijinta, suna son mace da namiji. Zina ta tambaye su ko suna da ɗakin da za su iya rufewa kwana uku ba mai shiga. Mijin ya ce ɗakinsu ɗaya ne da falo. Ta ce to su ɗauki namiji kawai, ko su je su sayi kifi.

Namijin suka ɗauka.